Bindigar da Manoy Ya Sa wa Sunansa

Yayana Teryo ya fi shekara arba'in yana ƙera bindiga a kan tudunmu na bayan Danao. Da za a tara duk waɗanda suka fito daga hannunsa, da sun nutsar da kwalekwalen masunta. Amma ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman sunansa a jiki, sai dai ka gaji ka nemi wurin zama. Wannan an buga mata Amurka, waccan Italiya, ta can kuma Jamus, alhali mutumin da ya yi su ko Manila bai taɓa takawa ba.

Ba shi ya fara ba, haka muka taso muka tarar. Maƙeri zai gama aikinsa a rumfar ganyen kwakwa can cikin daji, ya goge, ya shafa mai, ya naɗe a tsohon buhun shinkafa, sannan ya kai wa Pidyong. Pidyong bai iya ƙera ko cokali ba. Abin da yake da shi shi ne akwatin 'yan ƙarafuna masu harufa da lambobi a baki, da 'yar guduma, da hannu mai saiti in bai sha bammi ba. Shi ke raɗa wa kowace bindiga suna a tudun nan, kuma kullum da tambaya ɗaya yake farawa.

"To, pare," wato aboki, "wannan 'yar wace ƙasa ce?"

Sai Manoy, haka nake kiran yayan nawa, ya ce, "Wacce ake yayi a kasuwa?"

"Bana Italiya ke tashe."

"To, 'yar Italiya ce. Ka gai da iyayenta."

Su yi dariya, guduma ta fara ƙwanƙwasa. In da sunan baƙi a jiki, mai saye zai karɓa yana murmushi ko da ya san ƙarya ce. In babu, sai ya taɓe baki ya ce paltik, wato 'yar gida, mai fashewa a hannu. Kuma ko ba don ciniki ba, wane mahaukaci ne zai rubuta sunansa a jikin abin da doka ta hana?

Ni Miling, ni ce autar gidanmu. Ina gasa kaza da dafa shinkafa a ƙullin ganyen kwakwa a daidai mararrabar da hanya ke hawa tudu. Duk motar da za ta hau sai ta wuce ta gaban rumfata, shi ya sa tun ina budurwa aikina biyu ne. In na ga mota mai baƙin gilashi irin ta 'yan sanda ta nufi sama, sai in shanya jan zani a kan igiya. Kafin su isa, rumfunan duk sun zama na masu kiwon kaji.

Manoy ba mai magana ba ne. In ka ba shi tsakin masara da busasshen kifi ka gama masa komai. Ba ya zuwa faɗan zakaru, ba ya waƙa a biki, rawa kuwa ko ranar aurensa da Sayong sai da aka ja shi. Amma taurin kai, ko ɓaunar noma albarka. Sauran maƙera in za su gwada sabuwar bindiga sai su ɗaure ta a jikin bishiya, su ja kunamar da igiya daga bayan dutse. Shi kuwa a kafaɗarsa yake ɗora ta. Ya ce abin da ba zai iya kusantar da fuskarsa gare shi ba, ba zai miƙa wa ɗan wani ba. Sayong ta yi kuka, ta yi zagi, ta kunna kyandir a coci, duk a banza.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Rodel. Yaron yana makarantar sakandare aka yi wani samame da rana tsaka, ranar ina asibiti ban shanya zani ba. Manoy ya tsere ta cikin gonar ayaba daga shi sai gajeren wando, rungume da akwatin kayan aikinsa, ya ɓullo daidai filin makaranta ana tsakiyar fareti. Yara suka samu abin yi. Shekara guda suna kwaikwayon gudun nan duk inda suka ga Rodel. Tun daga nan yaron ya daina hawa wajen rumfa. Da ya gama karatun aikin jirgin ruwa zai tafi, uban ya ƙera masa 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya ajiye masa a kan jaka. Rodel ya ɗauke ta da yatsa biyu ya ɗora a tebur.

"Tay," in ji shi, wato Baba, "kada ranka ya ɓaci. Ba na son komai da ya fito daga rumfar nan."

Na ce, "Af! To cire rigar jikinka, Dong," haka muke kiran ɗa namiji, "da takalmin, da takardar makarantar, don duk daga can suka fito."

Manoy ya ce min, "Bar shi, Day," wato ƙanwa. Ya ɗauki wuƙar ya sa a aljihu. Har yau ina jin haushin yaron nan a kan wannan, kuma ban ɓoye masa ba.

Shekaru suka ja. Rodel yana can yana zagaya duniya, yana aiko wa uwarsa turare da hotuna. Idon Manoy ya fara hazo, ya daina karɓar aikin 'yan kasuwa. Muka ce alhamdu, mutum zai huta. Ashe lokacin ne ma ya fara. Guguwa ta kayar da mangwaron da mahaifinmu ya dasa, ya yanki gindin ya jingine a inuwa ya bushe. Ya samo ƙarfe daga wurin masu fasa tsofaffin jirage. Kullum da safe sai ya ɗauki tabarau da ƙullin abinci ya hau. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba wanda ya san abin da yake yi, sai ƙarar magagari da ake ji daga nesa yana cin ƙarfe a hankali.

Ranar da ya kira ni in gani, na je ina mita don na bar kaji a wuta. Ya buɗe zani a kan benci. Ni da na girma cikin bindigogi kamar yadda 'yar masunci ke girma cikin kifi, sai da na bar mitar na matsa kusa. Doguwa ce, gindinta na itacen mangwaro yana ƙyalli, kuma a gefenta ga wasu bututu biyu a kwance.

"Uwa ɗaya, 'ya'ya uku," in ji shi. "Wannan siririn na tsuntsaye ne da ɓerayen gona. Wannan na biri. Wannan kuma na aladen daji."

Ya murɗa wani abu, ya zare bututun da ke jiki, ya zura wani, ya ce ƙyas. Ya sake zarewa ya sa na ukun. Kowanne da irin harsashinsa, kuma kowanne ya zauna daram kamar da shi aka haife ta. Ban taɓa ganin Manoy yana dariya haƙora waje ba sai ran nan.

Na ce, "To, sai a kai wa Pidyong ya raɗa mata suna."

Ya juya ta ya nuna min gefen uwar. Ashe ya riga ya je ya ari akwatin Pidyong, abin da ba a taɓa yi ba, ya buga da hannunsa. Harufan a jere suke tsaf, cikakken sunansa ne da na garinmu: ELEUTERIO CAPUYAN, DANAO.

Da Pidyong ya ji abin da aka yi da harufansa, da gudu ya hawo tudun yana haki.

"Pare, ka haukace ne? Ai wannan takardar ɗaurinka ka rubuta, ka sa hannu, ka manna hoto! Me zai hana ka ƙara da kwatancen gidanka, kada 'yan sanda su sha wahalar nema?"

"Na so in sa," in ji Manoy, "wurin ne bai isa ba."

Daga baya da muka rage mu biyu, yana shafa ta da tsumma, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ta Rodel ce. Ina so in bar masa abu ɗaya da zai rataya a falo ba tare da ya rufe taga ba."

Na ce, "Yaron da ya ƙi wuƙa?"

"Wuƙar ba ta da takarda, Day. Wannan za ta samu."

Ashe ya daɗe yana saurare. A rediyo an yi ta sanarwar afuwa: duk mai bindigar da ba ta da rajista ya kawo ta birni a yi mata takarda, ba kama, ba tambaya, kafin wa'adi ya cika. Mutanen tudu suka fara tono abin da suka binne, suna naɗewa a buhu suna cusawa ƙarƙashin ayaba a bayan mota. Manoy kuwa sai ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya shafa mai a gashi, ya saɓa bindigar a kafaɗa, ya riƙe jakar da Sayong ta ɗinka wa bututun biyu, ya gangaro da ƙafa da hantsi, ta tsakiyar kasuwa. Na rufe rumfata na bi shi, don na san in ba ni, ba mai yi masa faɗa in ta kama.

Kasuwa ta tsaya. Masu kifi suka bar kifi.

"Noy Teryo! Yaƙi aka fara ba mu sani ba?"

"Noy, amaryar ce ka fito da ita? Tsaya mu ga fuskarta mana!"

Wata mai sayar da gishiri ta ce, "Yesu, Maryamu! Tsohon nan ya gaji da zaman gida, kurkuku yake sha'awa."

Shi dai yana ta ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a. Shekara arba'in yana bin bayan gonaki yana sanɗa, ran nan ya taka tsakiyar titi. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi ba.

A ofishin rajista a birni layi ya yi tsawo har waje. Mutumin da ke gabanmu wani mai tumbi ne da sarƙar zinariya a wuya. Da aka zo kansa ya zaro ƙaramar bindiga ya ajiye. Manoy ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya raɗa min, "Tawa ce. Shekarar da aka haifi Rodel na yi ta." Sajen da ke kan tebur ya karanta sunan kamfanin Italiya da Pidyong ya buga, ya danna a na'ura mai ƙwaƙwalwa, na'ura ta amsa, ya buga hatimi. Mai tumbi ya tafi yana fito.

Sai mu. Sajen ba yaro ba ne, furfura ta fara fito masa, kuma daga maganarsa ka san ɗan yankinmu ne. Manoy ya shimfiɗa masa uwa da 'ya'yanta. Saje ya miƙe tsaye. Ya ɗaga ta, ya auna a kafaɗa, ya leƙa cikin bututun a hasken taga. Manoy ya nuna masa yadda ake canzawa, shi ma ya gwada, ya sake gwadawa, har na bayanmu suka fara tsaki. Sannan idonsa ya kai kan rubutun.

"Wane ne Eleuterio Capuyan?"

"Ni ne."

Saje ya ɗora babban yatsansa a kan sunan ya rufe, ya waiga hagu da dama, ya zauna.

"Ban ji ba, Tay. Hayaniya ta yi yawa a nan." Ya rage murya. "Saurara. Afuwar nan ta masu riƙewa ce, ba ta masu ƙerawa ba. In na rubuta abin da ka faɗa yanzu, ba za ka kwana a gida ba. Na biyu, sai na sa sunan maƙerin da na'ura ta sani, mai lasin. Na uku, bindiga ɗaya harsashi iri ɗaya, gurbi ɗaya aka bari. Kowane bututu a wurinmu kamar bindiga ne mai zaman kansa, sai da lambarsa da shaidar kamfanin da ya yi shi. Kai kuwa ka kawo min guda uku, kuma kamfanin yana tsaye a gabana da silifa."

Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "To waccan da ka buga wa hatimi yanzu, ta mai tumbin nan, wa ya yi ta? Paparoma?"

"Na sani, Nang," in ji Saje, yana kira na yadda ake kiran babbar mace. "Kawuna ma maƙeri ne, da kuɗin paltik aka yi min kaciya. Amma sunan da ke jikinta na'ura ta san shi."

"Wato ƙarya ta wuce, gaskiya ta tsaya a layi?"

"Ba ni na rubuta dokar ba, Nang." Ya juya ga Manoy. "Abu biyu zan iya maka, Tay. Ko ka bar ta a nan, ranar rufe afuwa a shimfiɗa ta a titi da sauran, motar daɓen kwalta ta bi ta kansu, a ɗauki hoto. Ko ka naɗe kayanka ka tafi, ban gan ka ba. Amma don Allah ka naɗe ta. Kada ka sake saɓa ta a kafaɗa."

Da na samu azzalumi a kan teburin nan da na fi jin sauƙi, da na zage shi tas na huce. Amma mutumin kirki ne. Shi da kansa ya samo mana tsohon buhu. A cikin buhun nan muka dawo da ita, ƙarƙashin kujerar mota, kusa da kajin wata mata.

A gida kuwa Sayong ta tayar da hankali, kuma tana da gaskiya. Duk garin ya gan shi, duk garin ya ji abin da ke rubuce. Ana ta cewa da zarar wa'adi ya cika za a hawo tudu gida-gida.

"Ka binne ta, Teryo! Ka tona rami a bayan turken akuya ka binne ta kamar kowa. Kana so ka mutu a kurkuku ne da wannan tarin naka? Ni zan riƙa kai maka tsaki a kwano kamar kare?"

"Duk abin da na yi a duniya a buhu ya fita, a rami ya kwana," in ji shi. "Wannan ba za ta shiga ƙasa ba."

Pidyong ya zo da gorar bammi, ya zauna a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce shi fa ya san hanya. A kankare sunan, a buga na wani kamfanin Jamus da ya daɗe da rufewa amma na'ura ba ta manta shi ba, a bar bututu ɗaya, sauran biyun su ɓace. Shi ke nan, takarda ta fito. Manoy ya ɗauki gorar ya miƙa masa, ya nuna masa hanya. Pidyong ya tafi yana cewa, "In ka huce ka san gidana, pare."

Makonni suka wuce Manoy ba ya ci sai an matsa. Yana zaune da ita a cinya kamar mai jinyar yaro. Ana cikin haka Rodel ya bugo waya: ya bar aikin jirgi, ya sayi gida a birni, zai zo bikin waliyyin ƙauyenmu da matarsa. Sayong ta yi ta rawa a tsakar gida. Manoy kuwa ya tashi ya shiga ɗaki.

Kashegari da safe ina hura gawayi a rumfata na ji ƙarar magagari daga sama. Na san sautin aikinsa kamar yadda na san tarinsa, kuma wannan ba irin wanda na saba ji ba ne, yana yi yana tsayawa. Na bar komai na hau. Na same shi a sunkuye, tabarau a kan hanci. ELEUTERIO ya riga ya tafi. Yana kan CAPUYAN, sunan mahaifinmu, sunana. Garin ƙarfen yana zuba a kan yatsun ƙafarsa.

Na ce, "Manoy, bari!"

"In na bari, me zan ba shi? Buhu?"

Na zauna a kan kututture na yi kuka, kukan haushi, irin wanda ke sa mutum ya so ya fasa wani abu. Shi bai yi ba. Ya ci gaba har DANAO ta goge, ya bi wurin da takardar yashi, ya shafa da yatsa. Wurin ya yi ɗan kwarmi, sumul, ba ko tabo.

Da hannunsa ya kai wa Pidyong. Na bi su. Pidyong ya buɗe akwati, ya jera harufa, ya ɗauki guduma, ya yi tambayarsa ta kullum, amma muryarsa ƙasa-ƙasa.

"'Yar wace ƙasa ce, pare?"

"Ka zaɓa."

Ba wanda ya yi dariya. A ɗaya gefen aka buga, don inda aka kankare ya yi siriri. Suna ne mai tsawo, cike da harufan da ko Pidyong bai iya haɗa su a baki ba.

Bututu biyun kuwa Manoy ya ce ba zai jefa a teku ba. Ya lalata bakinsu yadda ba za su sake karɓar harsashi ba. Na birin ya kafa shi a ƙasa ya zama turken akuya. Siririn, na tsuntsaye, Sayong ta ɗauka, don dama bututun gorar da take hura wuta da shi ya ƙone. Babban kuma ya ɗaure shi a jikin uwar yadda ba zai sake zaruwa ba. Shekarun da ya yi yana wahalar ganin sun zauna sun fita, ya kashe su a yini ɗaya.

Kafin wa'adi ya cika muka koma birni, Saje ɗin nan muka sake tararwa. Ya karanta sunan Jamus ɗin, ya danna, na'ura ta amsa. Ya juya bindigar, yatsansa ya faɗa cikin kwarmin. Ya daɗe bai ɗago kai ba. Sannan ya buga hatimi ya ce, "A gida kawai za ta zauna, Tay. Fita da ita wata takardar ce daban." Wato ko saɓawar da ya yi sau ɗaya, ita ce ta farko ita ce ta ƙarshe.

Aka rataye ta a bangon falo ƙarƙashin hoton Yesu jariri, takardar a cikin gilashi a gefenta.

Ranar biki an gasa alade, ana ta harba tartsatsin wuta, gida ya cika. Rodel ya iso a mota da matarsa, ya yi ƙiba, ya yi fari. Ya kama hannun uban ya kai goshinsa, ya yi wa uwar haka, ya yi min. Yana ɗagowa idonsa ya sauka a bango, fuskarsa ta ɗaure nan take.

"Tay, har yanzu? A falo kuma?"

"Karanta takardar, Dong."

Ya matsa ya karanta, ya sake karantawa. Ya sauko da bindigar a hankali, ya juya ta, ya ga sunan. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya saki murmushi irin na lokacin da yake yaro. Ya furta sunan Jamus ɗin tiryan-tiryan, don ya je ƙasarsu.

"A ina ka samo wannan? Kai! Dubi aiki. Dubi yadda itace ya haɗu da ƙarfe, ko gashi ba zai shiga ba." Ya kira matarsa. "Zo ki ga abin da nake gaya miki. Waɗannan mutanen ba sa wasa." Ya juyo ga uban. "Tay, ba raini ba, amma kai da ka san ƙarfe, ka ga bambanci, ko? Wannan shi ake kira bindiga."

Na ajiye farantin hannuna. Na buɗe baki, kuma Allah ya sani da na fara sai an ji ni a bakin teku. Sai na ji Manoy ya taka min ƙafa, takawa ta gaske. Ya ce, "Day, zo ki taya ni duba akuya."

A bayan gida, kusa da turken, na fizge hannuna.

"Ka bar ni in gaya masa! Shekara nawa kana jiran ya yaba maka abu ɗaya? Ga shi ya yaba, kuma Bajamushe zai tafi da ladan?"

"Kin ga yadda ya riƙe ta?"

"Na gani, shi ya sa!"

"In ya sani zai ajiye ta a kan tebur, da yatsa biyu." Ya gyara igiyar akuyar da ba ta bukatar gyara. "Ki rantse min, Miling."

Ban rantse ba. Amma ban faɗa ba.

Da muka koma ciki Rodel yana nan da ita a kafaɗa, yana auna taga. Daga kicin ana jin Sayong tana hura wuta da ɗan bututunta, tana tari.

"Tay," in ji shi, "da a ce irin wannan kuke yi a tudun nan, ai da ban taɓa jin kunya ba."

Manoy ya dube shi, ya dubi bindigar.

"Sun iya, Dong," ya ce. "Taka ce. Ka je a mayar da takardar sunanka."

Rodel ya rungume shi. Rabon da ya rungumi ubansa tun kafin faretin nan.

Manoy ya rasu a daminar da ta biyo baya, tarin nan ne ya tafi da shi. A takardar mutuwa Rodel ya sa an rubuta manomi. Bindigar tana can a falonsa a birni, cikin akwatin gilashi mai fitila, kuma duk baƙon da ya zo sai an buɗe masa ya taɓa. Zuwana na ƙarshe na tarar yana nuna wa wasu abokansa. Ya kama yatsan ɗayansu ya ɗora a kan kwarmin nan, ya ce wai da gangan Jamusawa suke yin sa, don babban yatsa ya ji daɗin zama.

Na ɗauki jakata na ce kaji suna jira na. Ban sake komawa gidan ba.